Kundin tankin kifi: shagon Sabon Gari ko mai turowa daga Legas

6 ga Oktoba

Tankin ya hau mazauninsa. Tsawonsa santimita 120, faɗi 45, tsayi 45, yana cin ruwa lita 240 da 'yan kai. Mai walda ya ƙera mini teburin ƙarfe mai ƙafa shida, domin ruwan kaɗai nauyinsa kilo 240 ne, ban da yashi da gilashin kansa. Na tankaɗe yashi mai laushi, na wanke shi har ruwan ya daina yin ja, na kifa kasko biyu da na fasa wa baki don su zama maɓoya, na sa wani kututture da ya daɗe a jiƙe. Filta da famfon iska duka suna kan layin sola saboda ɗauke wuta.

Kifi ba zai shiga ba tukuna. Kashin kifi yana fitar da amoniya, ita kuwa guba ce. Sai wasu ƙwayoyin halitta sun yi gida a cikin soson filta, su mai da amoniya naitrait, wasu kuma su mai da naitrait naitret, wanda shi ake rage shi da canjin ruwa. Wannan kan ɗauki mako huɗu zuwa shida. Kullum ina barbaɗa ɗan abincin kifi a tankin da babu kowa don ya ruɓe ya ciyar da su.

Kifi iri biyu nake nema, duka dangin tarwaɗa ne amma ƙanana. Na farko Corydoras sterbai, ɗan kogin Guapore da ke kan iyakar Barazil da Bolibiya. Na zaɓe shi ne saboda zafin Kano: yawancin 'yan uwansa sun fi son ruwa mai ɗan sanyi, shi kuwa yana jure digiri 28 ba tare da ya galabaita ba. Na biyu Synodontis nigriventris, ƙaramin ƙurungun kogin Kwango mai iyo a rigingine, wanda ba ya wuce santimita 10. Dukansu ba a ajiye su ɗaiɗai, sai shida zuwa sama.

Abin da ban yanke ba shi ne inda zan saya. Akwai shago a nan gari, akwai kuma masu talla a Instagram da WhatsApp da Jiji, yawancinsu a Legas.

14 ga Oktoba

Shagon yana cikin Sabon Gari, ɗan ƙarami, tankuna jere hawa uku a bango biyu. Mai shi dattijo ne haifaffen garin nan, ya daɗe a sana'ar. Ban nufi kifin da nake so kai tsaye ba, sai na bi tankunan ɗaya bayan ɗaya ina duba ƙasansu. Mataccen kifi da aka bari yana ruɓewa a lungu ya fi komai faɗa maka halin mai shago. Ban ga ko ɗaya ba. Kowane tanki da nasa soson filta, ruwan wani ba ya shiga na wani, wanda ke nufin cuta ba za ta zagaye shagon cikin dare ɗaya ba. Abin kamun kifin ma yana jiƙe cikin wani bokiti mai ruwan magani shuɗi.

Sterbai babu. Abin da yake da shi farin Corydoras ne mai jan ido, wanda ake kiwo da yawa a gonakin kifi na Asiya, sai filako, kifin nan mai manne baki a jikin gilashi yana kankarar gansakuka, sai wasu masu sheƙi da yake kira shak.

Na tsuguna gaban fararen. Abu uku nake dubawa: gashin baki, ciki, da numfashi. Gashin bakin da yake lalube yashi da shi, in ya gutsure ya zama dungu, to an ajiye shi kan tsakuwa mai kaifi ko cikin ƙazamin ruwa. Ciki in ya loma, ko yunwa ko tsutsa. Nasa duka gashin baki zara-zara, ciki a cike. Can sai ɗaya ya taso a guje daga ƙasa, ya ɗebi iska a saman ruwa, ya koma. Wannan ɗabi'arsu ce, suna haɗiyar iska su shaƙe ta ta hanji. Sai in duka garken suna yi ba ƙaƙƙautawa ne za a ce ruwan ya lalace.

Na ce, "Baba, don Allah a ɗan ba su abinci in gani."

Bai yi musu ba. Ya jefa ƙwaya biyu masu nutsewa, kafin su taɓa yashi an yi musu caa. Ya ce, "Malam, kai ne mutum na farko a watan nan da ya ce a ciyar a gabansa. Saura launi kawai suke kallo."

Maganar shak ɗin ce ta dame ni. Pangasius ne, ɗan kogin Mekong, yana girma ya haura mita guda, ga shi ana sayar da shi tsawon ɗan yatsa ga masu tankin da bai kai bokiti uku ba. Filakon ma haka, irin nan ne mai kai santimita 40. Na tambaye shi ko yana faɗa wa masu saye. Ya ce yana faɗa, wasu su ji, wasu su ce in ya girma sa san yadda za su yi. Yadda za su yi ɗin nan shi ne abin tsoro. A Meziko, filakon da ya shiga madatsar ruwan Infiernillo ya cika komar masunta har ya durƙusar da kamun karfasa, haka ma ya addabi kogin Marikina a Filifin. Ba na fatan ranar da wani zai juye nasa a Tiga ko Challawa. Baba ya ce yana karɓar wanda ya fi ƙarfin tankin mai shi, ya ba da ƙanana a madadi. Wannan kaɗai ya ƙara masa daraja a idona, domin mai turo kaya daga nesa ba zai taɓa karɓar kome ba.

Da zan tafi ya matse mini tsohon soson filta cikin leda, ruwa baƙi ƙirin, ya ce in juye a tawa filtar. Kyauta.

21 ga Oktoba

Makon nan na masu intanet ne. Gaskiya kayansu ya fi yawa nesa ba kusa ba. Sterbai, fanda (shi ma wani irin Corydoras ne), masu dogon fiffike, ƙurungu iri-iri har da na tafkin Tanganyika. Kuɗin kifin kansa ma ya fi sauƙi a wurin wasu, sai an ɗora kuɗin kwali da na mota ko jirgi sannan lissafin ya canza.

Tambayoyi iri ɗaya na tura wa kowa. Na nemi bidiyon kifin na yau, tare da takarda a jikin gilashi mai ɗauke da kwanan wata da hannu. Na tambayi tun yaushe kifin yake hannunsu, ko suna hana shi abinci kafin a ɗaure, leda nawa suke ninkawa, da abin da zai faru in ya iso a mace.

Wasu ba su sake amsawa ba daga jin maganar bidiyo. Ɗaya ya turo hoto mai kyau ƙwarai, na bincika na tarar da shi a shafin wani kamfani na Turai. Wani ya ce in tura kuɗi tukuna, kayan suna hanya daga waje. Wannan cinikin biri a sama ne, na bar shi.

Mutum biyu sun amsa kamar waɗanda suka san aikinsu. Mace ɗaya musamman ta burge ni. Ta turo bidiyon da takardar, ta ce tana hana su abinci kwana biyu don kada su ɓata ruwan ledar, tana sa ruwa kashi ɗaya cikin uku, sauran iskar oksijin, leda biyu a ninke da jarida a tsakani saboda ƙaya. Sharaɗinta na mutuwa kuwa: hoton ledar ba a kwance ba, cikin awa biyu da isowa, ta biya kuɗin kifin amma ban da na hanya. Ta kuma faɗa mini ƙarara cewa zuwa Kano ba ta ɗaukar alhakin abin da aka sa a motar dare, sai jirgi.

Ta yi gaskiya. Legas zuwa Kano ta hanya kilomita 1,000 ne ko fiye, ko ta Jebba da Mokwa aka bi ko ta Lokoja da Abuja. Mota kan kwana a hanya, in ta lalace ta ƙara yini. Kwalin yana ƙarƙashin kaya, kusa da zafin inji ko a saman da rana ke duka, yaron mota bai san akwai rai a ciki ba. Jirgi kuwa awa ɗaya da rabi ne, sai dai kuɗin kwali ɗaya ya fi kuɗin kifin da nake so gaba ɗaya.

29 ga Oktoba

Amoniya ta sauka sifiri, naitrait yana sama sosai. Soson Baba ya rage mini jira. Na haɗa ƙaramin tanki mai lita 54 a ɗakin baya don killace baƙin kifi, babu yashi, sai guntayen bututun roba.

5 ga Nuwamba

Mai sayarwa na biyu ya turo bidiyon abin da ya kira ƙurungu mai rigingine, da araha sosai. Na tsayar da bidiyon na ƙura ido. Jikinsu toka-toka mai duhu da ɗigo-ɗigo baƙaƙe ƙanana. Wannan Synodontis nigrita ne, ba wanda nake nema ba. Na Kwango yana da manyan idanu, jiki ruwan ƙasa da dabbare-dabbare, kuma cikinsa ya fi bayansa duhu, tunda cikin ne ke kallon sama. Nigrita kuwa namu ne na nan, akwai shi a kogin Neja da Binuwai da tafkin Chadi, yana ninka wancan girma, in ya manyanta kuma yakan takura wa ƙanana da dare. Ban ɗauka mutumin ha'inci ya nufa ba, da sunan da aka sayar masa yake sayarwa. Amma da na saya, sai bayan shekara zan gane, lokacin da babu wanda zan kama.

Abin ya sa na biya kasuwar kifi da safe don in sake kallon ƙurungu da kyau. Wani mai kifi ya ɗaga mini ɗaya da sauran ransa, ya riƙe shi ta bayan kai da dabara. Kifin ya miƙe ƙayoyinsa uku, ɗaya a baya, biyu a gefe, ya kulle su ƙam, yana wani gurnani ƙurr-ƙurr. Ƙarar daga gindin ƙayar gefe take fita, inda take gogar ƙashin kafaɗa. Mai kifin ya ce, "Alhaji, wannan in ya soke ka, yau ba ka barci." Waɗannan ƙayoyin su ne ke huda leda a hanya, su ne kuma ke sarƙewa a ragar kamu, shi ya sa ake kama shi da kofi ko roba.

Ina mamakin yadda muke kallon kifin nan abin miya kawai. Synodontis eupterus, mai dogon fiffiken baya kamar gashin tsuntsu, ɗan kogin Neja da Chadi da Bolta ne, yana cikin tankunan gidaje a Jamus da Ingila da Amurka. Daga Legas ake fitar da kifayen ado na kogunanmu zuwa ƙasashen waje. Mutanen Masar na dā ma sun zana wani irin ƙurungu mai rigingine a bangon kaburburansu, har sun ƙera shi da zinariya abin wuya. Wata rana zan yi tanki na kifayen gida zalla. Wannan dai na yanzu ya yi musu kaɗan.

12 ga Nuwamba

Wani abokina ɗan unguwarmu, wanda ya riga ni fara kiwon, ya yi odar Corydoras goma daga wani mai sayarwa daban, ta motar dare. Ya kira ni muka je tasha tare. Motar da aka ce za ta shigo da hantsi sai bayan la'asar ta iso.

A gidansa muka buɗe. Kwalin taliya ne, ba na farin soso mai riƙe sanyi ba. Duka goman a leda ɗaya. Ruwan ya yi fari-fari kamar an ɗiga madara, da kumfa a sama. Shida sun kwanta a gefe, ba motsi, huɗu suna numfashi sama-sama. Wannan kifin idan ya firgita yana fitar da wani dafi daga gindin ƙayarsa, a kogi ruwa ya tafi da shi, a cikin leda kuwa kansa yake kashewa da 'yan uwansa. Masu sanin aiki sukan ɗan razana su a bokiti tukuna, su zubar da wannan ruwan, sannan su ɗaure su cikin sabo, biyu ko uku a leda.

Ya kai hannu zai kwance, na ce, "Tsaya mutumina, ɗauki hoto tukun." Ya ɗauka. Sannan ya so ya riƙa ɗiga musu ruwan tankinsa a hankali kamar yadda ake yi wa kifin da aka sayo a gari. Na hana shi. Ledar da ta kwana a hanya, numfashin kifin ya sa ruwanta ya yi tsami, tsamin nan ne ke danne dafin amoniyar da ta taru. Ana buɗewa iskar ta fice, tsamin ya ragu, amoniyar ta koma guba nan take. Sai dai a ɗora ledar a rufe a kan ruwan tanki na minti 15 zuwa 20 don zafinsu ya daidaita, a buɗe, a tsame kifin a sa, a zubar da ruwan ledar. Haka muka yi. Uku sun rayu.

Mai sayarwar ya ce laifin direba ne. Direba kuwa kwali aka ba shi, kwali ya kawo.

19 ga Nuwamba

Naitrait ya sauka sifiri, tankin ya shirya karɓar kifi. Na koma wurin Baba da wata shawara. Shi ma daga Legas yake sarowa, ta jirgi, kwali da yawa a tafi ɗaya. Na ce ya sa mini sterbai takwas a cikin odarsa ta gaba, ya riƙe su a shagonsa mako biyu, abin da ya mutu a hannunsa nasa ne, wanda na ɗauka da rai shi zan biya.

Ya yi shiru, sannan ya ce, "Malam, kifin nan tsada gare shi, kuma ba kowa ke tambayarsa ba. In ka fasa, wa zan sayar wa?"

Na ce zan ba da rabin kuɗin kafin alƙalami. Ya faɗi farashinsa, ya haura na matar Legas da kusan rabi. Muka taɓa ciniki, ya ɗan rage, na ce na saya, ya ce Allah ya sa albarka. Ban ja da yawa ba, domin na san abin da ƙarin yake saya mini: hatsarin hanya ya koma wuyansa, makonni biyun farko da cuta ke bayyana a cikinsu za su wuce a tankinsa, ni kuma zan zo in zaɓa da idona. Na ba shi lambar matar, ya ce ya san ta, sun taɓa ciniki.

4 ga Disamba

Sun iso jiya da yamma. Hunturu ya fara shiga, asuba da sanyi sosai, Baba ya sa musu hita a digiri 26. Goma ya saro, ɗaya ya iso a mace. Sauran sun koɗe, sun cure a kusurwa ɗaya. Da na matsa kusa dai na ga fararen ɗigon a kan duhun kai da ƙayoyin gefe ruwan lemo. Su ne, babu tantama. Ba su ci abinci ba, ban kuma sa ran za su ci yau ba.

11 ga Disamba

Baba ne ya kira ni da kansa. Farin ƙurji ya fito wa uku, ƙanana kamar garin gishiri a fiffike da jela, suna goga jiki a ƙasan tanki. Cuta ce da kowane mai kifi ya sani, sanyin hanya da wahala ke ba ta ƙofa. Ƙwayar da ke manne a jikin kifi magani ba ya taɓa ta. Sai ta faɗo ƙasa, ta rarrabu ɗaruruwa, 'ya'yan su fito neman kifi, a nan ne magani ke kama su. Don haka ake ɗaga zafin ruwa, zagayen ya yi sauri, a kuma ci gaba da magani kwanaki bayan ƙurjin ya ɓace.

Ya kai hita 28, ya ƙara iska, ya sa rabin awon maganin da aka rubuta a kwalba, saboda dangin tarwaɗa ba sa jure cikakken awo kamar masu ɓawo. Ya ce mako biyun nan sai ya zama uku. Na ce ya zama huɗu ma in ta kama.

Na tsaya ina kallonsa yana zuƙe ƙasan tankin da siririn tiyo, a hankali, yana kauce wa kifin. Da a gidana wannan ya faru, da ni kaɗai ne da waya a hannu ina tura hoto Legas, awa biyun sharaɗi sun wuce tun mako guda.

27 ga Disamba

Na ɗauko takwas ɗina. Ɗaya ya mutu a lokacin jinya, wanda ya rage kuwa guda takwas ne cif, don haka babu zaɓi, amma na duba su ɗaya bayan ɗaya kuma an ciyar da su a gabana. Leda uku, cikin kula, na rungume a bayan adaidaita sahu. Suna ƙaramin tankin ɗakin baya, za su yi mako biyu a can kafin su shiga babba. Jiya da daddare na ga sun jeru suna bin gilashi sama da ƙasa tare, alamar sun fara sakewa. Uwargida ta ce in matsar da tankin killacewar daga jikin taga saboda iskar asuba, na matsar.

Maganar ƙurungun Kwango tana nan. Baba ya tambayi masu saro masa, duk nigrita suke da shi. Matar Legas kaɗai ce ta turo bidiyon na gaskiya, guda bakwai, suna rataye a ƙarƙashin wani ganye ciki a sama. Baba ya ce ba zai ɗauki hatsarinsu ba a wannan karon, asarar sterbai biyu ta ishe shi, amma ya yarda a sa ledojina cikin kwalinsa in biya rabona na kuɗin jirgi, in karɓa a ranar. Ke nan jinyar da killacewar duka a kaina za su kasance.

Na roƙe ta ta riƙe mini su zuwa ƙarshen Fabrairu, lokacin da sanyi ya ja baya kuma zafin Maris da Afrilu bai kankama ba. Ta ce sai da kafin alƙalami, kuma in wani ya zo da kuɗi a hannu kafin in tura, ba za ta hana shi ba. Gobe zan tura, bayan ta sake turo bidiyo da kwanan watan gobe. Kafin nan akwai hita ta biyu da zan saya, da ƙarin kututture mai rassa, domin su a ƙarƙashin abu suke kwana ba a cikin kasko ba.